Zuera Ba Ta Tari

Nima, Akra
4 ga Maris, 1963

Ɗana Dramani,

Ina gaishe ka, da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka na safiyo, masu awon ƙasa, a Kete Krachi. Mun yi ƙaramar sallah lafiya. Ƙafata ta dama tana nan da halinta, amma ban fasa zuwa ajin matan da nake koyarwa da yamma ba. Mma Alima ta ɗakin kusa da namu ta ce in tambaye ka ko ana samun koko a can, ko doya kawai kuke ci.

Maganar ƙanwarka Zuera ce ta sa na ɗauki alƙalami. Tun da yarinyar nan ta shiga shekara sha huɗu na daina gane ta. Ta koyi tagumi. Ka san ban yarda da shi a ɗakina ba, yaron da uwarsa ke da rai ba shi da abin yi wa tagumi. Ita kuwa hannu bibbiyu take tallabe haɓa, a zaune, a tsaye, har a kan hanyar makaranta, kowa yana gani kamar ba a ba ta abinci. Na buge hannun rannan, ta yi ƙara kamar na yanke ta.

Ranar sallah na kai ta gaida Baba Osumanu mai gidan nan. Ta durƙusa, amma kan nan a miƙe, tana kallon dattijo cikin ido. Matarsa ta dube ni ta yi murmushi. Da ƙasa ta tsage a lokacin, da na shige. In ka kira ta ba ta waiwayowa kamar mutane, sai ta juyo da jikinta gaba ɗaya kamar matar gwamna. Har a sallah haka take yin sallama.

Ta ce wuyanta ke ciwo. Na sayi man shafawa a kemis, na gasa mata da ruwan zafi, na sauke mata ɗebo ruwa tun kafin azumi. Ciwon wuya na kwanciya ba ya wuce mako. Wannan girman kai ne ke toho, kuma tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Kai take jin maganarka tun rasuwar babanku. Ka rubuto mata faɗa na sosai, ban da wasa. Ka riƙe sallah, ka guji abokan banza.

Uwarka,
Sahadatu

Kete Krachi
29 ga Maris, 1963

Mma,

Ina gaishe ki da ladabi, ina gaida Zuera. Ki ce wa Mma Alima akwai koko, sai dai ruwa ne da aka nuna wa gero daga nesa. Ina lafiya ban da sauro. Wasiƙarki ta daɗe a gidan waya tana jira na, muna daji muna auna ƙauyukan da ruwan madatsa zai ci.

Ban rubuta wa Zuera faɗan ba tukuna, ki yi haƙuri ki ji dalili. Kafin a tabbatar da mu a aiki an ɗauki hoton ƙirjinmu. Likita ya nuna mini wani tabo a huhuna, ya ce tsohon ciwo ne da ya warke da kansa. Ya tambaye ni ko wani ya taɓa doguwar jinyar tari a gidanmu, na ce Baba, Allah ya ji ƙansa. Ya ce to duk wanda ya kwana ɗaki ɗaya da shi ya kamata a duba shi, musamman wanda yake ƙarami a lokacin. Ya ce tarin fuka yakan ɓuya shekaru a jiki, kuma ba huhu kaɗai yake kamawa ba, har ƙashi yana shiga. Sai na tuna Zuera ba ta yarda ta yi barci sai a bayan Baba.

Na san ta da rashin ji, amma ban san ta da raki ba. Wannan ce fa ƙusa ta soke ta a bakin kwata, ta ɓoye har ƙafar ta kumbura. In ta ce wuya na ciwo, ina jin yana ciwon.

Don Allah ki kai ta asibitin Korle Bu a ɗauki hoton wuyan. In aka ce ba komai, ni da kaina zan rubuto mata faɗa shafi biyu.

Ɗanki,
Dramani

Nima
11 ga Afrilu, 1963

Dramani,

Muna lafiya, ina fatan kai ma haka. Ruwa ya fara sauka, babbar kwata ta fara warinta.

Na maimaita karanta wasiƙarka ina neman inda ka ce uwarka ce ta kwantar da yarinya a bayan mai tari. Ba ka rubuta ba, amma na ji. Ɗaki ɗaya gare mu. A kan kwanon rufi kake so in kwantar da ita? Ni na yi jinyar babanku, ni na dinga dafa kofinsa da cokalinsa, ni na ƙona tsummokaran da yake tofa jini. Kai kana makaranta lokacin.

Na yi sakandare a zamanin da ba a tura 'ya'ya mata ko firamare. An koya mana ciwon nan a darasin tsafta, kuma na gan shi da idona har ya kai mutum kabari. Mai shi tari yake yi. Zuera ba ta tari. Na saurara, ko gyaran murya ba ta yi. Kada ka sake rubuta sunan ciwon a takardar da za ta shigo gidan nan. Ka manta yadda aka daina ara mana ko ludayi bayan rasuwar? Da ƙyar na samu mata suka yarda su zauna aji ɗaya da ni.

Yanzu ta ƙaro sabon salo. Tana magana kamar da koko a baki, muryar a dishe, sai ka ce me ka ce me. In tana cin tuwo sai ta yi ta juya loma, in ta sha ruwa ta ƙware har ya fito ta hanci. Ta rame, to wanda ba ya ci dole ya rame.

Alima ta leƙo jiya ta ce, "Malama, beli ne ya sauko wa yarinyar nan. Ki bar Jalilu wanzami ya cire, jibi ki gan ta tana haɗiye tuwon kenke."

Na ce aska ba za ta shiga bakin 'yata ba.

Ta ce, "To ku 'yan boko, sai ki karanta mata littafi ta warke."

A makarantarmu yarinyar da ke tafiya a karkace littafi ake ɗora mata a ka ta zagaye fili har ta miƙe. Babu wadda ta mutu. Tausayin da na ji na sauke mata aiki shi ya ɓata ta. Daga gobe za ta koma famfo da bokitinta kamar kowace yarinya a Nima.

Uwarka,
Sahadatu

Nima
9 ga Mayu, 1963

Dramani,

Ban ji daga gare ka ba. Ko kana daji, ko fushi kake. Ni ina lafiya. Zuera tana kwance a Korle Bu, tana da rai.

Ta yi 'yan kwanaki tana ɗauko rabin bokiti, hannu ɗaya a bokitin ɗaya a haɓa. Ranar Talata kafin babbar sallah layi ya yi tsawo a famfo, matan da ke wurin suka cika mata shi, suka kama suka ɗora mata a kan gammo. Ba ta yi nisa ba ƙafafunta suka naɗe. Ba santsi ba ne, duk wanda ya gani ya ce haka kawai ta sulale. Da Alima ta kira ni na tarar an kewaye ta, wani mai nama yana cewa wuyan ne ya goce, a riƙe kafaɗa ya ja kan ya koma. Na ce duk wanda ya taɓa ta sai mun je gaban alƙali. Muka ciro ƙyauren ɗakin girki muka shimfiɗe ta a kai har bakin titi.

A asibiti likita ya ce ta fito da harshe. Ya fito ya karkace hagu, ɓarin nan ya motse ya yamutse kamar ganyen da ya sha rana. Ya tambaye ni tun yaushe. Na ce ban sani ba, uwa ba ta bin 'yarta tana cewa fito da harshe.

Bayan hoto ya zaunar da ni ya zana mini a takarda. Ƙasusuwa biyu na can sama, waɗanda kai ke zaune a kansu, ciwon ya cinye gefensu, ya tara mugunya a bayan maƙogwaro. Jijiyoyin da ke motsa harshe da masu haɗiya da murya ta nan suke fitowa daga ƙoƙon kai, kumburin ya danne su. Ya ce hannun da take sawa a haɓa shi ke ɗauke nauyin kan, masu ciwon nan haka suke yi ba tare da an koya musu ba. Ya ce da ƙashin ya ƙara gocewa kaɗan, numfashi ne zai tsaya a wurin.

Na ce masa ba ta tari. Ya ce ba sai ta yi ba.

Sun zuƙe mugunyar da allura. Ya ce na kyauta da na hana wanzami, na kyauta da na hana mai nama. Na faɗa maka ne don ka san uwarka ba jahila ba ce.

An aske mata kai, an sa mata filasta tun daga goshi har ƙugu, fuska da kunnuwa kawai a waje, sai rami daidai cikinta don ta yi numfashi. Kullum allura, ga ƙwayoyi manya da sai an niƙa. Ƙafafun sun fara motsi. Magana ce babu. Tun ranar famfo ban ji kalma ɗaya daga bakinta ba.

Mun yi sallah a barandar asibiti. Ka yi mata addu'a.

Uwarka,
Sahadatu

Kete Krachi
14 ga Yuni, 1963

Mma,

Ina gaishe ki, ya mai jiki? Allah ya ba ta lafiya, ke kuma ya ba ki ƙarfi.

Ba fushi nake ba. Kogi ya cika ya tsare mu a ƙetare, jiya muka dawo na tarar da wasiƙunki biyu tare. Ta Mayu na fara buɗewa. Da na karanta ta Afrilu a bayanta, na kasa cin abinci. Da ta same ni a kan lokaci da na bar komai na taho. Ba zan ce komai game da bokiti ba, abin da ya faru ya faru.

Na nemi hutu, shugabanmu ya ce sai an gama wannan yankin. In ya ƙi zan ajiye aikin in dawo, ko kwandastan motar tirotiro ne na yi a Nima. Ba za ki iya ɗaga ta ke kaɗai da ƙafar nan taki ba.

Ki ce wa Zuera na ga biri ya sace hular shugabanmu ya hau bishiya da ita. In ta yi dariya ki gaya mini.

Ɗanki,
Dramani

Nima
6 ga Agusta, 1963

Dramani,

Muna nan da rai. Ƙafa ta kumbura, tana sacewa da safe.

Wanda ya ce ba zai ce komai game da bokiti ba ai ya gama faɗa. Na ji. Kada ka ajiye aiki. Babanku bai bar muku gona ba, kuma ban kai ka makaranta don ka rataya a ƙofar mota kana kiran fasinjan Maamobi ba. Ka zauna inda kake.

An sallamo ta gida da filastar, za ta daɗe a ciki. Tana tashi ta taka in an riƙe ta. Kullum da safe muna zuwa ƙaramin asibiti allura, yara suna bin mu suna cewa ga mai siminti. Da rana kwanon rufi ya ɗau zafi, zufa ta taru a ciki, ga ƙaiƙayi, ga wari. Na kama Alima tana zura tsinken tsintsiya ta wuyan filasta tana sosa mata. Na ce likita ya hana. Ta ce, "Likitan ya zo ya kwana a cikin tukunyar nan mu gani." Na ƙwace tsinken. Washegari ta zo da wani.

Maganar da nake gudu ta fita. An ware mana igiyar shanya. Matar Baba Osumanu tana ɗauke jikokinta in mun fito, ko da yake likita ya ce irin wannan na ƙashi ba ya bin iska. Ajina ya koma mata kaɗan. Alima ce kawai ke shigowa ba sallama, ta dama kunu mai kauri, don shi ne ba ya ƙware ta. Ban roƙe ta ba. Bakinta dai ba shi da linzami.

Duk wannan zan iya. Harshen ne ke hana ni sukuni. Likita ya ce in kumburin ya sauka jijiya tana iya farfaɗowa, tana iya ƙi, ba ya alkawari. Ya ce ta riƙa gwada magana. Don haka kullum bayan mun dawo daga allura nakan zaunar da ita in riƙe madubi a gabanta. Fito da harshe. Kai shi dama. Ce la. Ce ta. Ce ra. Na koya wa matan da suka haifi goma karatu, ba zan kasa da 'yata ba. Sai ta kalli madubin, ta kalle ni, ta rufe ido. Kan ba ya juyawa, rufe idon shi ne juya bayanta. In tana son abu ta rubuta a allon makaranta, kalma ɗaya, ruwa ko fitsari. Ko Mma ba ta sawa a gaba. Na gaya mata rashin lafiya ba ya ɗauke ladabi.

Na karanta mata labarin birin. Cikinta ya motsa a ramin filasta, sauti bai fito ba.

Na gaji, Dramani. Ba ƙorafi ba ne, labari nake ba ka.

Uwarka,
Sahadatu

Kete Krachi
20 ga Oktoba, 1963

Mma,

Ina gaishe ki, ina gaida Zuera da Mma Alima. Na yi zazzaɓi amma na tashi, shi ya sa kika ji shiru. Hutun an ɗaga shi zuwa bayan azumi. Ban ajiye aikin ba, kamar yadda kika ce.

Maganar bokiti ban faɗe ta don in ɓata miki ba, ki yafe ni. Abu ɗaya zan roƙa. Ki ɗan ajiye madubin nan na wani lokaci. Ni ma da kina tsaye a kaina nakan manta karatun da na iya.

Na aiko direbanmu da busasshen kifi, a yi mata romo.

Ɗanki,
Dramani

Nima
27 ga Janairu, 1964

Ɗana Dramani,

Barka da shan ruwa. Kifi ya iso tun tuni, ya ƙare. Na daɗe ban rubuto ba don ba ni da sabon abin faɗa. Ƙafa tana nan. An daina allura, saura ƙwayoyi, su kuma sai an shekara ana sha. Sabon hoto ya nuna ƙashin yana haɗewa. Bayan sallah za a yanke filasta a sa mata abin wuya na fata. Likita ya ce wuyan ba zai juya kamar da ba, kuma kaya a ka ta gama da shi har abada.

Madubi ban ajiye shi da ka ce ba. Ɗa ba ya tsara wa uwarsa aiki. Na ci gaba har farkon azumi, ba la ba ra.

Ranar Laraba mata biyu kawai suka zo aji, kowa tana gida tana haɗa abin buɗa baki, sai na sallame su na dawo da wuri. Na shigo tsakar gida ba kowa, na zo daidai tankin ruwan da ke gefen tagarmu sai na ji dariyar Alima. Sai kuma wata murya, a dishe, a hankali, kamar mai taka dutse a rafi. Na ɗauka baƙuwa muka yi.

Muryar ta ce, "Fito da harshe. Kai shi dama. Na ce dama, ke ba ki san dama ba?"

Alima ta ce, "Wayyo cikina! To Malama, na kai."

"Zauna daidai. Rashin lafiya ba ya ɗauke ladabi."

Dramani, kowace kalma ta fita. Da nauyi, ra ɗin bai zauna ba, amma babu wadda ban gane ba. Har yadda nake jan numfashi kafin in yi faɗa ta iya.

Alima ta ce, "Ke dai Allah ya shirye ki. Yaushe za ki yi wa uwarki magana? Tun Maulidi kike cika mini kunne, matar nan kuwa tana ramewa a tsaye."

Zuera ta ce, "In na yi, za ta ce ban faɗa daidai ba."

Na tsaya a wurin, jakar littattafai a hannuna. Ka san ni, ba a kwaikwayo na in ƙyale. Amma na koma da baya na fita har bakin titi, na tsaya gun mai ƙosai kamar ina ciniki. Da aka kusa kiran sallah na dawo ina jan takalmi, na yi sallama da ƙarfi tun daga ƙofar gida. Na tarar da ita ido a rufe, allo a cinya. Alima tana ta fifita, ta kasa kallo na.

Harshen ya dawo. Abin da na roƙi Allah ke nan, kuma ya ba ni. Ban roƙa da sharaɗin a fara da ni ba.

Kada ka rubuto mata cewa na sani, kada ka gaya wa Alima. Na mayar da madubin kan bango. Yanzu nakan tashi ajin kafin lokaci, abin da ban taɓa yi ba tun da na fara koyarwa, in zo in tsaya bayan tankin in saurara kaɗan kafin in yi sallama. Jiya labarin birinka take ba Alima, ta ƙara masa ƙarya da yawa.

Ka zo da sallah in an ba ka hutu. Kai za ta yi maka magana.

Uwarka,
Sahadatu